Kurakuran sabon ɗalibi a gidan abincin masu ƙaramin ƙarfi a Japan

Wanda ya sauka Japan karatu, aljihunsa ne zai kai shi shokudo, wato ɗakin cin abincin jami'a, ko shagunan gyudon irin su Yoshinoya da Sukiya da Matsuya, inda da kusan yen 500 za a ɗora maka naman sa da albasa a kan shinkafa mai zafi. Abinci ne mai kwantar da ciki. Amma a nan ne baƙo ya fi tafka kuskure.

Babban cikinsu shi ne yarda da ido. Mutum zai leƙa kwanon ramen, wato taliya cikin romo, bai ga nama ba, sai ya ce bismillah. Alhali matsalar tana cikin romo: tonkotsu ƙashin alade ne aka tafasa na sa'o'i har ya yi fari kamar madara. Haka miyar kori (curry) da ake zubawa kan shinkafa, sau da yawa da kitsen alade aka haɗa ta ko da naman da ke cikinta na kaza ne. Miyar miso, ta waken suya, ita ma tana da 'yar uwa mai suna tonjiru, wadda alade ne a cikinta. Kalmar katsu kuwa, in ba a ambaci kaza ba, ka ɗauka ta alade ce. Gyaran ba wuya: ka haddace harafin 豚 mai nufin alade, ka kuma iya tambayar "Butaniku wa haitte imasu ka?", ma'ana akwai naman alade a ciki?

Sai mirin da sake, giyar shinkafa da ake zubawa a girki kamar yadda muke jefa daddawa. Suna cikin romon oyakodon (kaza da ƙwai a kan shinkafa) da na taliyar udon, ana kuma jiƙa soyayyar kazar karaage da sake. Mai son kauce musu, da ma batun yanka, ya nemi saba shioyaki, kifin da aka gasa da gishiri kawai, da farar shinkafa. Wasu jami'o'in, kamar ta Kyoto da Ritsumeikan APU da ke Beppu, suna da abincin halal a ɗakin cin abincinsu, sai dai wanda bai tambaya ba zai iya shekara yana wuce shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna sa kunya. A wurare da yawa ba zama ake yi a jira ba. Na'ura ce a bakin ƙofa, ka biya ta ba ka tikiti. Kada ka bar wa ma'aikaci ɗan ihisani a tebur, zai iya biyo ka da shi har titi. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka suke yi wa mamaci. In ka gama a shokudo, da kanka za ka mayar da farantinka. Mai jin yunwa sosai kuma ya ce "oomori", a ƙaro masa shinkafa da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan.