Yadda za ka san abin da za a gina kusa da gidanka tun kafin a haƙa tushe

Ranar da ka ga motar haƙa ta shigo filin da ke bayan gidanka, ka riga ka makara. Abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini irin wannan damuwa shi ne, gini daga takarda yake farawa, kuma a wurare da yawa kana da ikon ganin takardar nan.

Fara da sanarwar neman izinin gini. Hukumar tsara birane takan manna ta a bakin filin, ko a allon ofishinta, ko ta sa ta a shafinta na intanet. Abu biyu za ka kwafe: lambar fayil, da ranar da za a rufe karɓar ra'ayin jama'a. Wa'adin ba shi da tsawo. A Ingila, misali, yawanci kwana 21 ne.

Da lambar a hannunka, je ofishin ka ce a nuna maka fayil ɗin. Kada zanen ginin da aka ƙawata da bishiyoyi ya ɗauke maka hankali. Taswirar filin za ka nema. Duba tazarar da aka bari tsakanin ginin da katangarka, hawa nawa ne, ta ina motoci za su riƙa shiga, sannan ina ruwan sama zai bi. Maganar ruwan nan tana damuna ƙwarai, don ita aka fi mantawa, kuma maƙwabta ne ke kwana cikin ambaliya bayan an gama biki an watse. Ka kuma nemi babban tsarin yankin, wanda ya ware wurin gidaje da na kasuwanci da na masana'antu. In wata alama ta shige maka duhu, tambayi jami'in, yi maka bayani yana cikin aikinsa.

In an hana ka, sa buƙatarka a rubuce. Ƙasashe da dama suna da dokar 'yancin samun bayanai. Ta Najeriya, ta 2011, kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa.

Wajen rubuta ƙorafi mutane suka fi yin asara. "Ba ma son ginin nan" ba ya motsa kowa. Faɗi abin da hukuma za ta iya aunawa: zai toshe magudanar ruwa, zai cinye hanya, ya saɓa wa shafi kaza na tsarin yankin. Sa lambar fayil a sama, a buga wa kwafinka hatimi, kowane maƙwabci kuma ya rubuta nasa da kalmominsa. Kafin ka bar ofishin, tambayi ranar da za a zauna kan batun, da ko ana barin jama'a su yi magana.