Masu dafa wake a tukunyar fireshan lantarki, ku karanta

Salam 'yan uwa. Jiya maƙwabciyata ta kusa ƙona fuska, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Wake da shinkafa suna kumbura, ga kumfa. Kada ku cika tukunyar ta wuce rabi. Nama ko miya kuwa, kashi biyu cikin uku ya isa. In kumfa ta toshe 'yar ƙofar da tururi ke fita, nan matsala take farawa. Ita maƙwabciyar tawa haka ta yi, ta cika tukunyar dam da wake, ta ga murfi ya ƙi buɗuwa, ta sa ƙarfi. Tururin da ke ciki ya fi tafasasshen ruwa zafi, yakan haura digiri 110. Kafin ku buɗe, ku jira ɗan ƙarfen nan na murfi, mai tashi in tururi ya taru, ya sauka da kansa, ko da NEPA ta ɗauke wuta ne, don zafin na nan.

Robar da ke zagaye da murfin, ku ciro ta ku wanke bayan kowane girki. In ta tsage ko ta saki, a sake sabuwa.

Sannan a jona tukunyar a soket na bango kai tsaye, ba a waccan wayar da firji da caja ke rabawa ba.