Yadda za ka iya kalmar "black" a Turanci, daga furuci har ma'ana

Na daɗe ina duba rubutun ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, kuma kalmomin da na ga suna kayar da su ba dogayen nan ba ne masu wuyar haddacewa. Ƙananan ne, waɗanda aka koya mana tun muna aji ɗaya muka ɗauka mun gama da su. "Black" tana cikinsu. An ce mana baƙi ke nan, muka rufe littafi. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini "I have black stomach", tana son ta ce tana cikin baƙin ciki. Na gane nufinta sarai domin ni Bahaushe ne, amma mai gyaran takardarta ba lallai ya gane ba, kuma makinta ne zai tafi. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina.

Mataki na farko: gyara furuci

Gaɓa ɗaya ce tak. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muke cusa wasali mu ce "bulak" ko "bilak". Haɗa leɓɓanka, ka ɗora harshe a dasashi tun kafin ka buɗe baki, sai ka saki sautin b da l lokaci guda. Ka riƙa jera "back", "black", "block" har kunnenka ya rabe su.

Mataki na biyu: san mazauninta idan tana sifa

A Hausa sifa tana bin jinsi da adadi: baƙin wando, baƙar riga, baƙaƙen takalma. A Turanci kuwa ba ta motsi: "a black shirt", "black shoes". Kada ka ƙara mata s don abin da take sifantawa yana da yawa. "Blacks shoes" kuskure ne. Tana zuwa kafin suna, ko bayan aikatau irin su "is" da "look", kamar "the goat is black". Mu muna iya cewa akuya baƙa ko baƙar akuya, amma Bature ba ya cewa "a goat black".

Idan sifofi sun taru, launi yana da gurbinsa: bayan girma da shekaru, kafin asali da abin da aka yi kayan da shi. Don haka "a big old black leather bag" ake cewa. Wajen kwatance, inda muke amfani da "fi", su ɗafi suke yi: "blacker", "blackest". Kada ka haɗa biyu ka ce "more blacker". Inda kuma muke cewa baƙi ƙirin ko baƙi wuluk, su "pitch black" suke cewa, musamman ga duhun dare, ko "jet black" ga gashi mai sheƙi. Abin da ya yi baƙi-baƙi shi ne "blackish".

Mataki na uku: gane ta idan ta zama suna ko aikatau

"Black is my favourite colour": nan suna ce, ba ta buƙatar "a" ko "the". Haka ma "she was dressed in black", wanda sau da yawa yana nufin makoki, domin baƙaƙen kaya su ne tufafin makoki a Turai. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa su tun rasuwar mijinta a 1861 har ta mutu a 1901.

Aikataunta shi ne "blacken". "Smoke blackened the pot", hayaƙi ya baƙanta tukunya. "Blacken his name" kuma ɓata masa suna ne. Amma lura, baƙanta wa mutum rai ba "blacken" ba ne. A nan "upset" ko "hurt" za ka ɗauko.

Mataki na huɗu: rabe kalma biyu da kalma ɗaya

"A black board" katako ne kawai mai baƙin launi. "A blackboard" allon aji ne, ko da an shafa masa koren fenti. "A black bird" kowane baƙin tsuntsu ne, amma "blackbird" sunan wani tsuntsu ne na Turai wanda macensa ma ruwan ƙasa ce. A baki, idan kalma ɗaya ce ana danna gaɓar farko. Idan biyu ce nauyin yana kan ta biyun.

Wadda ta fi burge ni a wannan rukuni ita ce "blacksmith", maƙeri. Turawa sun kira shi haka domin baƙin ƙarfe yake sarrafawa, suka kuma kira mai aikin ƙarfe mai haske kamar kuza "whitesmith". Duk wanda ya san sana'ar ƙira a ƙasar Hausa ya san muna da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu zobe da munduwa. Harsuna biyu da babu dangantaka tsakaninsu, sai ga shi sun raba sana'a ɗaya a wuri ɗaya. Akwai wata haɗuwar ma: a tsohon Turanci, sama da shekara dubu da suka wuce, kalmar "blæc" tana nufin launin, tana kuma nufin tawada. Mu ma ai harafi baƙi muke ce masa.

Mataki na biyar: haddace salon magana ɗungurungum

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake roƙon ɗalibi ya daina fassara kalma-kalma. Irin haɗuwar da na ambata a sama ba ta da yawa. Baƙin ciki "sadness" ne ko "grief". Mai baƙin jini "unpopular" ne, ba ruwansa da "black blood". Baƙar magana "a harsh remark" ce. Haka su ma nasu ba ya shigowa Hausa kai tsaye.

"Black tea" ruwan bunu ne, shayin da ba a zuba wa madara ba, haka "black coffee". "Black market" kasuwar bayan fage ce. "Black eye" ba baƙin ido ba ne, kumburi ne da taruwar jini a gefen ido bayan an sha naushi. "Black sheep" shi ne ɗan da ya fita zakka a dangi. "In black and white" yana nufin a rubuce, yadda ba mai musu. "Black box", akwatin naɗar bayanan jirgin sama wanda ake nema bayan hatsari, ruwan lemo ne launinsa don a gan shi cikin tarkace.

"Blackout" tana da fuska uku: ɗaukewar wuta a gari gaba ɗaya, suma, da kuma hana labari fita. Idan suna ce a haɗe ake rubuta ta, idan aikatau ce a rabe: "he blacked out", ya suma.

"Blackmail" ba ta da alaƙa da wasiƙa. "Mail" ɗin da ke cikinta tsohuwar kalma ce mai nufin haraji ko kuɗin haya, kuma asalinta kuɗin da manoman kan iyakar Ingila da Sikotland suke biyan mahara a ƙarni na 16 don a bar musu shanunsu. Yau tana nufin tatsar mutum ta hanyar yi masa barazanar tona asirinsa. A Najeriya ana yawan amfani da ita a madadin ɓata suna ko ƙazafi. A takardar jarrabawa, idan ƙazafi kake nufi, rubuta "slander" ko "defamation".

Kada kuma ka ɗauka duk inda ta fito sharri ne. Kamfanin da yake "in the black" riba yake ci, domin akantoci da baƙar tawada suke rubuta riba, da ja kuma hasara, shi ya sa wanda ake bi bashi yake "in the red". "Black belt" babban matsayi ne a wasan karate da judo. "Black Friday" ita ce Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurka, wanda ake yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ranar da shaguna suke karya farashi.

Mataki na shida: yi hattara idan mutane kake nufi

A wurinmu baƙa, fara da wankan tarwaɗa bayanin launin fata ne tsakanin mutanen gida ɗaya. A Amurka da Ingila kuwa "Black" asali take nunawa, wato mutumin da tushensa Afirka ne, komai hasken fatarsa. Idan kana son ka ce ƙanwarka ta fi yayarta duhu, "darker" ko "dark-skinned" za ka ce. Kada ka ce "a black" ko "the blacks", domin kunnen masu harshen yana jin raini a ciki. Ka ce "a Black man", "Black people". Tun watan Yunin 2020 kamfanin dillancin labarai na AP yake rubuta ta da babban baƙi idan mutane ake nufi, jaridu da dama kuma sun bi sahu. Ga launin mota ko riga, ƙaramin baƙi ne.

Mataki na ƙarshe: littafin aiki

Samu ƙaramin littafi ka raba shafi gida uku. Duk inda ka ci karo da "black" a jarida ko a rediyo, rubuta jimlar gaba ɗaya a gidan farko, aikin da kalmar ta yi a na biyu, sannan yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana a na uku. A bayan littafin ka juya aikin: jera namu, baƙar wahala, baƙar yunwa, baƙar zuciya, baƙar aniya, ka nemo wa kowanne Turancinsa. Fara da baƙar wahala, za ka tarar "severe hardship" ce, babu "black" ko ɗaya a ciki.