Kafin fayil ya bar hannun shugaban masu bincike

Duk wanda aka damƙa wa ragamar sashen binciken manyan laifuka a Katsina, agogo zai fara sa wa ido. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A rubuta lokacin kamu har da minti.

Wurin ɗaukar bayani ne shari'a ta fi lalacewa. In wanda ake zargi Hausa ya yi, a rubuta da Hausa, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala, sannan a fassara. Tafinta ma ya sa hannu, kuma a ajiye adireshinsa, domin in bai zo kotu ya ba da shaida ba, fassarar ta zama ji-ta-ji-ta. A ɗauki ikirarin amsa laifi a bidiyo, lauyan wanda ake zargi na wurin in ya nema. Ikirarin da aka tatsa da duka kuwa, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 zai watsar da shi.

Kowace wuƙa ko harsashi a ba ta lamba, a shigar a rajista da sunan duk hannun da ta ratsa. Saƙon WhatsApp da aka ciro daga waya ba ya karɓuwa a kotu sai da takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ya tanada. Nan ake yawan mantuwa.

Daga nan a aika kwafin fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki a Ma'aikatar Shari'a don shawarar lauyoyi.