Yadda za ka bi sawun mamayar Holand in ka je can

In Allah ya kai ka Holand kar ka tsaya hoton fulawa kawai, ware kwana biyu ka ga abin da ya sami mutanen ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun ce ba ruwansu da yaƙi amma Jamus ta afka musu ranar 10 ga Mayu 1940, kwana biyar sojojinsu suka miƙa wuya.

Fara da Rotterdam. Za ka ga tsakiyar garin kusan duk sabbin gine-gine ne, ai bama-baman 14 ga Mayu ne suka cinye tsohon. Nemi gunkin mutumin nan da ya ɗaga hannuwa sama, ƙirjinsa a huje, tsaya ka kalle shi sosai, ni dai sai da jikina ya yi sanyi.

Daga nan hau jirgin ƙasa zuwa Amsterdam ka shiga Verzetsmuseum, gidan tarihin waɗanda suka bijire wa mamayar Jamus, kar ka yi sauri, duba katunan rabon abinci da takardun bogi da aka ɓoye Yahudawa da su, ka karanta labarin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 lokacin da mutane suka koma cin albasar fulawar tulip.

In tafiyar ta faɗo 4 ga Mayu, ƙarfe takwas na dare ana shiru na minti biyu a dandalin Dam na Amsterdam don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, kashe wayarka.