Shawara ga mai son leƙa ƙauyen Paharpur

'Yan uwa, duk wanda tafiya ta kai shi Bangladesh, ya daure ya leƙa Paharpur, wani ƙauye a gundumar Naogaon. Can cikin gonaki akwai kangon Somapura, gidan ibada da karatu na mabiya Buddha da Sarki Dharmapala ya gina a ƙarni na 8. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985.

Ku sauka daga jirgin ƙasa a Jamalganj, keke mai ƙafa uku zai ƙarasa da ku. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don daminar can ba wasa ba ce.

Masallacin Kusumba, wanda hotonsa ke jikin takardar kuɗin ƙasar ta taka 5, shi ma yana gundumar, amma da ɗan rata. Sai kun yi sammako.