Yadda ake saka direban wifi a Ubuntu idan kwamfuta ta ƙi ganin rezo

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai a nan Damagaram na gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo da suka sha jiki. Mutum ya cire Windows ya sa Ubuntu don ta rage nauyi, komai ya tashi lafiya, sai ya duba kusurwar allo ya ga babu alamar wifi sam. Kafin ka kwashe ta zuwa wajen mai gyara a kasuwar Dole, tsaya tukuna. Sau da yawa katin wifi da ke cikin kwamfutar lafiyarsa lau, direba ne babu, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin aiki, wadda masu Faransanci ke ce wa pilot.

Fara da duba ko katin a kulle yake. Danna Ctrl, Alt da T tare, taminal zai buɗe, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta rfkill list. In ka ga "Soft blocked: yes", rubuta sudo rfkill unblock all. In kuwa "Hard blocked: yes" ne, maɓalli ne a jikin kwamfutar, ko Fn da wani daga cikin F na sama.

Daga nan sai ka san wane ne katinka, kuma a nan ne mutane ke ɓata. Rubuta lspci -nnk | grep -iA3 net, ko lsusb in ƙaramin kile ne da ake soka wa a gefe. A abin da lspci ya nuna, lambar da ta fara da 14e4 ta kamfanin Broadcom ce, 8086 Intel, 10ec Realtek. Kada sunan da ke kan kwali ya ruɗe ka: TP-Link TL-WN722N na farko Atheros ne a ciki, yana aiki da kansa, amma na biyu da na uku Realtek ne, alhali suna ɗaya. Intel ba ya cika ba da wahala. Broadcom shi ne mai taurin kai.

To, direba a intanet yake, kai kuma ba ka da wifi. Wayarka ce za ta fid da kai. Haɗa ta da kebul, shiga "Partage de connexion", kunna na USB. Ubuntu zai ɗauke ta kamar layin waya. Ka tabbata forfenka da saura, batirin kwamfuta kuma a cike, kada wuta ta ɗauke aiki na tsaka.

Rubuta sudo apt update. Sannan buɗe "Pilotes additionnels", zaɓi na Broadcom, ka amince. Mai son taminal ya rubuta sudo apt install bcmwl-kernel-source a Ubuntu 22.04, ko broadcom-sta-dkms a 24.04. Tsofaffin katuna irin BCM4311 da BCM4318 su firmware-b43-installer suke so. Kada ka haɗa bcmwl ko broadcom-sta da b43 don neman tabbaci, suna toshe wa b43 hanya.

In Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance abin da kwamfuta ke lodawa in za ta tashi, na kunne, za a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri. Da ka sake tayar da kwamfutar, shuɗin allo zai fito. Kada ka tsorata ka wuce shi, zaɓi "Enroll MOK", ka sa kalmar. Ga abin da ya taɓa ci mini yini guda: wannan allon bai san maɓallan AZERTY da muka saba da su ba, da QWERTY yake karatu. Don haka ka kauce wa a, q, z, w da m, da lambobi ma, ka zaɓi haruffa takwas da ba su sauya wuri.

Bayan ta tashi, cire kebul ɗin waya, sake rubuta umarnin lspci ɗin nan. In ka ga "Kernel driver in use: wl", ko b43-pci-bridge ga tsohon kati, duba kusurwar allo, sunayen rezon maƙwabta za su jeru.